Anki a hannun mai shirin jarrabawar Turanci: abin da take riƙe maka da abin da ba za ta iya ba

Duk wanda ya taɓa hadda ya san ɗaukar sabon karatu ba shi ne aikin ba, riƙe na baya shi ne aikin. Almajiri ya wanke allo yau ya rubuta sabo, amma in bai koma yana tilawar abin da ya wuce ba, kafin ya kai izu biyar na farkon ya zube. Ciwon nan ne dai yake damun magidancin da ya dawo zai rubuta WAEC ta 'yan waje, da ma'aikaciyar jinyar da ke neman maki 7 a IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, da wanda zai sake zaman JAMB bayan ya daɗe da barin aji. Ya cika littafi da sabbin kalmomin Turanci, ya ja musu layi da jan biro, bayan sati uku ya buɗe sai ya ga kamar wani ne ya rubuta su.

Saboda wannan ciwon kaɗai aka ƙera manhajar Anki. Sunan ma daga Japananci yake, ma'anarsa hadda. Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006, kuma har yau ba ta da wani ado: katuna ne, da lissafin ranar da kowane kati zai dawo maka. Hukuncinmu a kanta tun daga farko shi ne, wajen riƙe kalmomi da abokan tafiyarsu da ƙa'idar rubuta su, da wuya a sami abin da ya kai ta a kyauta. Wajen nahawu tana taimakawa rabi da rabi. Wajen saurin karatu da fahimtar dogon rubutu kuwa, wanda ya dogara da ita zai sha mamaki ranar jarrabawa.

Maganar kuɗi tukuna, don a nan ake fara yin ɓatan kai. A kwamfuta kyauta ce. A wayar Android sunanta AnkiDroid, ita ma kyauta, ba talla a cikinta. A iPhone sunanta AnkiMobile, ana sayenta sau ɗaya a kan dala 24.99. Akwai kuma AnkiWeb, shafin da ke ajiye katunanka a intanet ya haɗa waya da kwamfuta, ba a biyan ko sisi. Mai iPhone da ba ya son saye zai iya yin bitarsa ta nan, sai dai dole ya kasance da data a lokacin. Idan ka rubuta Anki a ma'ajiyar manhajoji za ka ga wasu masu kama da sunan, masu neman kuɗin wata-wata. Ba su da alaƙa da ita, kuma ba sa haɗuwa da AnkiWeb. AnkiDroid da zarar katunan sun shiga waya ba ta bukatar intanet, ko kana cikin mota tsakanin Gusau da Sakkwato inda sabis ke ɗaukewa.

Kowane kati fuska biyu gare shi, tambaya a gaba, amsa a baya. Ka karanta tambayar, ka faɗi amsa kafin ka duba, sannan ka yi wa kanka alƙalanci da ɗaya daga maɓallai huɗu. Again idan ka faɗi. Hard idan ka tuna daidai amma da ƙyar. Good idan ka tuna ba tare da wata wahala ba. Easy idan ko tunani ba ka tsaya yi ba. Sabon kati yakan dawo bayan minti 1 idan ka kasa, bayan minti 10 idan ka ci, in ka sake ci sai gobe. Daga nan tazarar ke buɗewa. A tsohon lissafin manhajar ana ninka ta sau biyu da rabi duk lokacin da ka danna Good: kwana 1, sai kamar 3, sai 8, sai 20, sai 50. Ranar da ka manta, katin ya dawo kusa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Hermann Ebbinghaus ya auna saurin mantuwar ɗan Adam tun 1885, kuma lissafin da Anki ta daɗe tana aiki da shi, SM-2, Piotr Woźniak ne ya tsara shi a 1987. A ƙarshen 2023 aka saka wani sabo mai suna FSRS, wanda ke duba tarihin amsoshinka ya kimanta yadda kai kanka kake mantuwa.

Kafin ka rubuta kati ko ɗaya, shiga Deck options, wato saitunan kundin katunanka, ka gyara abu uku. Manhajar tana zuwa da sabbin katuna 20 a rana. Rage su zuwa 10. Jagoran Anki da kansa ya yi gargaɗi cewa mai ɗaukar 20 kullum ya sa ran bitar kusan 200 a rana idan tafiya ta yi nisa. Goma za ta kai ka wajen 100, kuma in kowane kati ya ci daƙiƙa 8 zuwa 10, abin wajen minti 15 ne. Mai aiki da iyali zai iya riƙe wannan. 200 kuwa a sati na huɗu ake jefar da ita. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma a kwanakin farko ne yake kama mutum, lokacin da babu bita tukuna, komai ya zo da sauƙi. Na biyu, iyakar bitar rana da aka sa a 200, ɗaga ta sosai, domin iyakar ba ta rage bashi, ɓoye shi kawai take yi. Na uku, kunna FSRS, ka bar ma'aunin riƙewa a 0.90 yadda ya zo, wato a dawo maka da kati lokacin da damar tuna shi ta sauka zuwa kashi 90 cikin 100. Masu tura shi 0.97 don tsoron mantuwa suna tara wa kansu bita ninki-ninki a kan ɗan ƙaramin ƙari. Bayan ka yi wata guda kana aiki, danna Optimize don FSRS ya daidaita lissafinsa da amsoshinka, sannan sau ɗaya a wata ya wadatar.

Wani ɗan abu da ke rikita sababbi: ranar Anki da ƙarfe 4 na asuba take juyawa, ba sha biyun dare ba. Wanda ya yi bita da ƙarfe ɗayan dare, ta jiya ya yi. Bayan sallar asuba kuwa katunan sabuwar rana sun riga sun fito, kuma babu lokacin da ya fi wannan dacewa da su.

Yanzu ga inda ake cin riba ko a yi asara, wato yadda ake rubuta katin. Mafi yawan masu farawa suna rubuta kalmar Turanci a gaba, fassarar Hausa kalma ɗaya a baya: abandon, bari. Wannan kati gurgu ne. Bari a Hausa tana ɗaukar leave, da let, da allow, da quit, da stop, da abandon ɗin duka. Za ka ci katin kullum, amma ranar da aka jera maka huɗu daga cikinsu a tambayar cike gurbi, ba abin da zai gaya maka wacce ce. Jarrabawa ba ta tambayar kalma tsirara, cikin jimla take kawo ta. Katin kirki ga yadda yake. A gaba, jimlar da ka tsinci kalmar a cikinta, ka kaurara kalmar: The villagers had to abandon their farms when the river overflowed. A baya, ma'ana da bakinka: barin abu kwata-kwata, ba da niyyar komawa ba. Ƙarƙashinta abokan tafiya biyu, abandon a plan da abandon a child. Shi ke nan. Kada ka kwafe duk abin da ƙamus ya jera a ƙarƙashin kalmar. Katin da bayansa ya cika allon waya, ido ne kawai zai riƙa wucewa ta kansa. Ma'ana ɗaya, kati ɗaya. In kalmar ta sake zuwa maka da wata ma'ana a wani rubutun, ta sami nata katin.

Ga Bahaushe, inda Anki ta fi biyan wahalarta shi ne wuraren da aikatau ɗaya na Hausa ya rabu gida-gida a Turanci. Ɗauki yi. Yin kuskure make a mistake ne, yin aikin gida do homework, yin wanka take a bath, yin addu'a say a prayer, yin ƙarya tell a lie. Kalma ɗaya tamu, biyar tasu, kuma babu wata ƙa'idar da za ta fitar da kai, sai hadda. Haka sha: ruwa drink, magani take, taba smoke. Haka ji, wadda ke sa mutum ya ce ya hear wari, alhali smell ake cewa. Haka aro, inda ara mini da na ara duk tushe ɗaya ne a wurinmu, shi ya sa borrow me your pen ta zauna a bakin mutane, alhali mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa ne ke borrow. Waɗannan ba kalmomi ne masu wuya ba, kowa ya san su, amma su ne ke zubar da maki a insha'i. 'Yan Nijar da suka yi boko da Faransanci suna da nasu tarkon daban: library ba kantin littattafai ba ne, actually ba ta nufin a halin yanzu, sensible mai hankali ne ba mai saurin jin abu ba. Kundi guda na irin waɗannan ya cancanci a ware masa.

Nau'in katin da ya dace da su shi ne Cloze, wato cike gurbi. Ka rubuta jimla cikakkiya, ka zaɓi kalmar da kake so a ɓoye, ka danna maɓallin mai ɗigo uku, manhajar ta lulluɓe ta da alama mai lamba. Lambar nan tana da muhimmanci. Idan ka ɓoye kalma biyu a jimla ɗaya duk da lamba c1, kati ɗaya za a yi mai gurbi biyu. Idan ɗaya c1 ɗaya c2, katuna biyu za su fito. Na biyun ya fi, saboda gurbi biyu a kati ɗaya yana jawo rikici: ka ci ɗaya ka faɗi ɗaya, wane maɓalli za ka danna? Sai dai ka kunna zaɓin Bury siblings, don kada 'yan uwan su fito rana ɗaya, na farko ya ba ka amsar na biyu.

Ƙananan kalmomin nan da ke bin aikatau da sifa, su ma Cloze ne maganinsu: congratulate on, accuse of, charge with, prefer to, good at, married to, interested in. Takardar farko ta Turancin WAEC tambayoyi 80 ne cikin awa ɗaya, JAMB kuma 60 ne a Use of English cikin tambayoyi 180 na awa biyu, kuma irin waɗannan ba sa ɓacewa a cikinsu. Matsalar ita ce kuskuren da ke zuwa ta hanyar ƙari, kamar discuss about, ko furnitures da advices da informations. Ba za ka iya ɓoye abin da bai kamata ya kasance ba. A nan sai katin gyara: a gaba We discussed about the matter, da tambayar daidai ne ko kuskure. Amma kada su yi yawa, kuma ka cakuɗa su da jimloli masu kyau. Idan duk katin da ya tambayi daidai ko kuskure amsarsa kuskure ce, ba Turanci kake koyo ba, siffar katin ka gane. Ban da haka, ido in ya daɗe yana ganin jimla karyayya yakan saba da ita.

Nahawu ya fi haka wuyar sha'ani. A ce ka yi kati: She, gurbi, here since 2015, da alamar taimako live. Amsa has lived. Karo na farko da na biyu za ka yi tunani a kan since. Kafin karo na biyar, da ganin 2015 amsar ta faɗo, ba tare da ka bi ta kan ƙa'idar ba. Karatun aku ke nan, kuma manhajar ba ta da yadda za ta gane, ita dai ta ga ka danna Good. Sannan has been living ma daidai ce a wannan gurbin, in ba ka rubuta haka a baya ba za ka riƙa kayar da kanka a banza. Abin da ke rage wannan shi ne kowace ƙa'ida ta sami jimloli uku ko huɗu mabambanta, a shigar da su a ranaku dabam-dabam, kuma a bayan kowanne a rubuta dalili cikin layi ɗaya da Hausa. Misali a ƙarƙashin Neither the teacher nor the students were there: aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi. Ƙa'idar da ba ka fahimta ba kuwa, kada ta shiga Anki. Je ka littafin nahawu ko wurin malami ka gane ta, ka yi atisaye a takarda, abin da ka faɗi a atisayen shi ne zai zama kati. Anki mai tsaron abin da ka riga ka gane ce, ba ta bayani.

Ƙa'idar rubutu tana da nata nau'in katin, wanda sai ka buga amsar da hannunka, manhajar ta gwada harafi da harafi ta nuna maka inda ka kauce da ja. Accommodation, necessary, separate, receive, occurrence, embarrass: irin waɗanda mutum ke rantsuwa ya iya har sai an ce ya rubuta. A IELTS amsar da ka gano daidai amma ka rubuta ta da kuskuren harafi ta tafi. Sai dai ka kashe gyaran kai-tsaye da shawarwarin allon rubutun wayarka kafin ka fara, in ba haka ba wayar ce ke cin jarrabawar, ba kai ba.

Takarda ta uku ta WAEC, ta furuci, tambayoyi 60 cikin minti 45, a rubuce ake amsa ta, don haka kati yana kama ta sosai. Haruffan da ba a furtawa, kamar b a debt da plumber da subtle, ko t a listen. Gaɓar da ake dannawa, yadda take tashi daga farko a PHOtograph ta koma ta biyu a phoTOgrapher ta koma ta uku a photoGRAPHic. Da kuma tsohuwar matsalarmu ta p da f, tunda Hausa ba ta raba su: pan da fan, pull da full, copy da coffee. Ana iya maƙala sauti a kati. Ƙamusoshin Cambridge da Oxford na intanet suna furta kowace kalma kyauta, da lafazin Ingila da na Amurka, ka saurara kafin ka rubuta katin. Sauti da hoto ne kawai ke ƙara wa kundi nauyi. Na rubutu zalla, dubban katuna ba sa cin data ta a-zo-a-gani.

A AnkiWeb akwai kundaye da mutane suka haɗa suka saki kyauta, wasu da dubban kalmomi. Kowa da su yake farawa, kuma yawanci ganin kitse ake yi wa rogo. Wasu ma'anar da aka rubuta ta fi kalmar wuya. Wasu na wata jarrabawar ne, cike da kalmomin da ba za ka gamu da su ba. Babu mai tace su, kurakurai suna nan. Sama da duka, kalmar da ba ka taɓa gani a cikin rubutu ba ba ta da inda za ta maƙale a ƙwaƙwalwa. Jerin da ya cancanci a bi shi da tsari ga mai IELTS na masu neman karatu shi ne Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta fitar a 2000: iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi, an kasa su rukuni 10, na farko ya fi yawan fitowa. A goma kullum kwana 57 ne. Ko shi ma, ka fara share waɗanda ka sani, sauran ka nemo wa kowacce jimla.

Kada kuma ka shigar da masu kama da juna rana ɗaya. Affect da effect, adopt da adapt, economic da economical, principal da principle, stationary da stationery. Hankali yana cewa a koye su tare don a bambance, amma abin da ke faruwa shi ne su manne, ka san ma'anonin biyu ka rasa wacce ta wacce. Ka bar ɗaya ta zauna sati guda tukuna, sannan ta biyu ta shigo, daga baya ka yi katin da ke gwada su.

Sai karatu, inda manhajar ta tsaya. Binciken Paul Nation ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 50, kuma hakan na bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 a rubutu irin na jarida da littafi. Yi lissafi: goma a rana, wata uku, katuna 900. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ba zai cike wancan ramin ba. Yawan karatu ne ke kawo sauran, kuma shi ne ke koya wa ido gudu. Takardar karatu ta IELTS minti 60 ce, tambayoyi 40, kuma a ɓangaren masu neman karatu dogayen rubutu uku ne, kusan minti 20 kowanne. Maki 7 yana bukatar wajen amsa 30 daidai. Ga irin abin da ke kayar da mutane, a tambayoyin da ake zaɓar True ko False ko Not Given, wato gaskiya, ko ƙarya, ko ba a faɗa ba. Rubutu ya ce Most farmers in the district switched to early-maturing millet. Tambaya ta ce All farmers in the district changed their millet variety. Amsa False, saboda most ba all ba ce. Wata ta ce The new millet was cheaper. Amsa Not Given, domin ba a yi zancen farashi ba sam, ko da hankalinka ya raya maka haka. Duk kalmomin nan ka san su. Abin da ake aunawa shi ne gane cewa switched da changed abu ɗaya ne, da lura da ƙaramar kalmar da ta juya ma'ana, da hana kanka ƙara abin da ba a faɗa ba, duk agogo na tafiya. Babu katin da ke koyar da wannan. Haka taƙaitawa a takarda ta biyu ta WAEC, inda ake son ka fitar da jigo cikin jimlarka, a kuma rage maka maki in ka kwafo ta marubucin ɗungurungum.

Saboda haka, wanda yake da awa ɗaya a rana ya raba ta haka: minti 15 bitar Anki, minti 30 karatu ko tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, minti 15 na ƙarshe ya mayar da abin da ya faɗi da baƙin kalmomin da ya tsinta katuna. Shafin LearnEnglish na British Council yana da rubutu kyauta da aka jera bisa mataki, daga A1 zuwa C1, da tambayoyi a ƙarƙashi. A kowane rubutu kada ka ɗebi fiye da kalma biyar zuwa takwas. Wanda ya fi haka baƙi, ya fi ƙarfinka a yanzu, sauka mataki ɗaya. Idan bitar Anki ta fara cinye rabin awar, alama ce ta a rage sabbin katuna, ba a rage karatu ba.

Rubuta kati a waya yana da gajiya, wannan gaskiya ne. AnkiDroid tana sauƙaƙawa ta hanya ɗaya: in kana karatu a intanet, ka zaɓi jimla, ka tura ta zuwa manhajar ta maɓallin rabawa, sai ta faɗa gaban sabon kati. Mai kwamfuta zai iya jera katuna a shafin lissafi, kowane kati a layinsa, tambaya a gurbin farko amsa a na gefensa, ya shigo da su gaba ɗaya. Ya tabbata ya adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su koma alamomin tambaya.

Abin da ya fi kashe wa mutane gwiwa shi ne bashi. Rashin lafiya, ko tafiya, ko biki, ko wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba waya ta mutu: ka dawo bayan sati ka tarar da katuna ɗari shida suna jira. Anki ba ta yafe rana. A nan wasu ke share komai su fara daga farko, su zubar da aikin wata biyu. Ba haka ake yi ba. Mayar da sabbin katuna sifili, ka riƙa cire 150 a rana, safe da yamma, har bashin ya ƙare, sannan ka dawo da sababbi. Katin da ka tuna duk da jinkirin, manhajar za ta ba shi tazara mai tsawo, don haka tulin yana saurin raguwa fiye da yadda ake zato. Sabbin fitowar manhajar suna da Easy Days, inda za ka ce a sassauta maka wata rana a mako, Juma'a ko ranar kasuwarku.

Kuskure na biyu ba ya nuna kansa da wuri: danna Hard alhali ka manta. Mutum ya ga amsa ya ce ai na kusa, ya ji kunyar danna Again. A wurin manhajar Hard ci ne, ba faɗuwa ba, don haka sai ta ƙara tazara a kan abin da ba ka riƙe ba, kuma a FSRS wannan yana lalata lissafin kundin gaba ɗaya. Wanda maɓallai huɗu ke rikita shi ya tsaya kan biyu, Again da Good, sun isa. Katin da ka faɗi sau 8 kuma, Anki za ta yi masa tambarin leech, wato matsattsaku, mai shan lokaci ba amfani. Kada ka ci gaba da kokawa da shi. Kusan kullum laifin katin ne: ko ya ɗauki abu biyu, ko jimlar ba ta nuna ma'ana, ko yana karo da wani mai kama da shi. Sake rubuta shi da sabuwar jimla, ko ka dakatar da shi.

A buɗe asusun AnkiWeb tun ranar farko, a kuma riƙa danna maɓallin haɗawa bayan kowace bita, saboda waya tana ɓata, ana sace ta, tana faɗawa ruwa. Wani lokaci manhajar za ta ce ba za ta iya haɗa ɓangarorin biyu ba, ka zaɓi ɗorawa ko saukewa. Tsaya ka karanta. Ɗorawa tana shafe abin da ke intanet ta sa na wayarka, saukewa tana shafe na wayarka. A sabuwar waya da ba komai a cikinta, saukewa ake yi. Wanda ya ɗora a nan ya tura fanko ya rufe aikinsa. Asusun da aka yi wata shida ba a taɓa ba kuma ana iya share abin da ke cikinsa, don haka mai niyyar hutawa bayan jarrabawa ya fitar da kundinsa fayil ya ajiye. Wasu wayoyin masu tsananin tattalin batir suna kashe tunatarwar manhajar, gara ka ɗaura bitar da wani abin da kake yi kullum, kamar shayin safe.

Wanda ya saba da Duolingo, manhajar koyon harsuna mai launuka da tafi da kirari in ka ci, zai ga Anki kamar ofishin gwamnati. Saitunanta suna da yawa, sunayensu ba sa bayyana kansu, kuma sa'o'in farko na ruɗani ne. Amma Duolingo ita ke zaɓa maka abin da za ka koya, Anki kuwa kurakuranka na jiya take dawo maka da su, kuma mai jarrabawa wannan yake bukata.

Tana son lokaci. Wanda jarrabawarsa saura sati biyu, kada ya ɓata su wajen koyon manhaja, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zauna da tsofaffin tambayoyi. Wata uku zuwa shida ne take nuna amfaninta. Idan saura kwana 10 zuwa 14, tsayar da sabbin katuna, domin wanda ya shiga yanzu ba zai sami zagayen da zai zauna ba, ka mayar da lokacin kan cikakkiyar jarrabawar gwaji da agogo. Katunan da suka fito daga tambayoyin da ka faɗi, in tun farko ka yi musu tambari ɗaya, a ce kuskure, to a kwana ukun ƙarshe ka shiga Custom Study ka zaɓi wannan tambarin, su kaɗai za su fito ka bi su sau ɗaya. Waɗanda manhajar ta tura bayan ranar jarrabawa, ka ƙyale su inda ta kai su. Ta tura su can ne don lissafinta ya nuna za su kai.